Wayata Tana Cikin Loka, Inna

Assalamu alaikum, Inna, ke da maƙwabtanki na makwanci. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiya, ina fata Allah Ya yalwata miki inda kike.

Na zo ba ki amsar kiran da kika sa aka yi mini ranar da kika cika. Na san a Tudun Wada an gama yanke mini hukunci, wai na samu ƙasar Larabawa na daina ɗaukar waya. To, su ma su karanta.

Inna, alminiyam muke narkarwa a masana'antar nan, cikin tukwanen da kowace ta fi zaurenmu tsawo. Wutar lantarki mai ƙarfin gaske ce ke ratsa narkakken ƙarfen, ita kuwa wuta duk inda ta bi sai ta tayar da maganaɗisu. Shi ke tura ruwan ƙarfen, ya juya shi, ya sa shi tangaɗi. In tangaɗin ya yi yawa tukunya ta lalace, na kusa ma yana iya ƙonewa. Aikina in lallaɓa shi ya kwanta.

Ranar da na fara ba ki labarin a waya kina tuƙa tuwo. Kika ce, "Tukunya na juyawa ba muciya? Kai dai ka riƙa bismillah."

Maganaɗisun nan ba ya barin agogo, ba ya barin waya. Doka ce a kulle su a loka, akwatin ajiyar ma'aikaci, kafin a shiga. Na shiga da safe kina da rai. Na fito da yamma na tarar da kiran Yaya Habibu a jere, a ƙarshe saƙo: an kai ki bayan azahar.

Ban huce da Yaya ba. Lambar ofishinmu na wurinsa, da ya kira da an fito da ni na ji muryarki. Amma shi ya saka ki a Keke Napep zuwa asibiti, shi ya yi jinyar da ni sai dai in tambaya. Wanda ke riƙe da kan uwa a wannan hali, ina zai tuna wata lamba? Sunna kuma ba ta jiran jirgi.

Na tambaye shi me kika ce da ban ɗauka ba. Ya ce kin ce a sake gwadawa. Aka sake, aka kuma. Sai kika juya fuska bango, ba ki ƙara magana ba.

Da fushina kika tafi, Innata? Yaya ya ce bai sani ba. Da ya ga dama da ya yi mini ƙarya mai daɗi, bai yi ba.

Wallahi ban ƙi ɗauka ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya isar miki da uzurina. In kuwa akwai fushi, Ya Rabbi Ka sanyaya zuciyarta kafin mu haɗu.

Autanki,
Bala