Ɗakin Marigayi a Gindin Dutsen Marapi

Rosmaniar, hasken idona, raɓar asuba a kan zangarniyar shinkafa, ƙamshin kirfa bayan ruwan sama, sarauniyar gida mai rufin ƙahon ɓauna!

Na daɗe ina jin wata jita-jita a Medan, wai na mutu. Mai tsiren bakin shagona ne ya fara kawo mini ita, wai ke kike faɗa wa masu zuwa kallon tsohon ƙauyenmu. Na yi dariya har na ƙware. Rosmaniar tawa? Wadda ta raka ni tasha da ciki wata bakwai, na ce mata shekara biyu kawai zan yi? To, biyun ta zama talatin da ɗaya, ban musa ba. Amma mutuwa?

Makon jiya abokina Basril ya ɗauko ni yawon karkara a motarsa. Ya ce mu ratse mu ga gidajen da suka shekara ɗari uku. Ban gaya masa a ɗayansu na yi angwanci ba. Muka cire takalma, muka bi ayarin baƙi zuwa cikin gidanki. Kowa ya buga goshi a gajeriyar ƙofar nan, ni kaɗai na sunkuya. Kin gani, Ros. Wallahi na ga kin gani!

Kika nuna ɗakin ƙarshe. "Nan ne ɗakin marigayi mijina."

Wata budurwa ta ce, "Ayya, Mama, me ya same shi?"

"Hanya ce ta cinye shi, 'yar nan."

"Ina kabarinsa?"

"Oho masa. Da ransa ma ba a san inda yake ba."

Aka kwashe da dariya, har da Basril. Sannan kika raba shayin ganyen kofi a ƙoƙon kwakwa, na kowa da sukari, nawa babu, yadda nake sha tun ina saurayi. Kika ce, "Baba baƙo, sha da hanzari, motarku na jira."

Haba, kurciyar zuciyata! Wuƙa ma da kube take yawo. Yaya aka yi furfura ta ƙara miki kyau, ta kuma ƙara miki kaifi? Gidan naki ne, na uwarki, na kakarki, miji baƙo ne a cikinsa, na sani. Ba ɗakin nake roƙo ba. Ki bar mini matakala, ki bar mini inuwar rumbu. Ki kira ni Uda, kiran mace ga mijinta, sau ɗaya, yadda kike kirana a da, na rantse ko bakin titi ba zan ƙara leƙawa ba. Ni naki ne, har ranar da maganarki za ta zama gaskiya.

Yanzu kam na yarda da labarin mutuwata, don wadda ta faɗa mini na ƙarshe ba ta ƙarya. Ita ta jera mana takalma a ƙofa, ta ce, "Baba, a saka mahaifina a addu'a, ban taɓa ganinsa ba." Na ce amin. 'Yarmu ce, Yusnidar.

Marigayinki,
Darmawis