Mai Waƙar Nan

Daga Jiratawa, zuwa ga ɗiyata Fadila a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Barmo. Mu nan sai godiya. Albasa ta yi kyau a gulbi bana, kawunki Gado kuma yana nan yana faɗa da injin ban-ruwansa.

Jiya na gan ki a tele kin fito a uwar amarya, da furfurar ƙarya. Na yi dariya har da hawaye, sai kuma kewa ta kama ni. Na tuna shekarar da waƙarki ta gulbi ta fito, kina 'yar lakwal, ba ki ko gama makaranta ba, mai ƙafafu kamar sillen kara. Daga Zariya har Tsibiri babu ɗan kabu-kabun da bai rera ta ba, a gidan biki kuwa in ba a sa ta ba mata ba sa tashi. Yanzu na ji sababbin yara sun cika fage, kiran wasa ya ragu, sai fim jefi-jefi. Kada ki sa wa ranki, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Maganar mahaifiyarki, Yaya Tahira, ce ta sa na rubuto. Tun ranar da mutumin rediyo ya tambaye ta ko tana alfahari da ke, ta sunkuyar da kai ta ce ya tambayi maƙwabta, kika yi fushi kika ɗauke ƙafa. Fadila, birni ya mantar da ke cewa ke 'yar fari ce? Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta yabe ta duniya na ji. Wannan kunyar ce ta sa ni, ƙanwarta, na goya ki. Lokacin da kike tashe, in an sa waƙarki sai ta shige ɗaki kamar ta manta wani abu, amma ba ta taɓa rufe ƙofar ba.

Yanzu ciwon suga ya taɓa idanunta, likita ya ce ganin yana tafiya. In kin fito a tele sai ta jawo tabarma kusa, ta tambaye ni wane zane mai waƙar nan ta ɗaura, ko ta rame. Da ta ji zan rubuta takarda Yamai, ta kau da kai ta ce in faɗa idanun sun kusa ƙarewa, ko da wanda yake so a gan shi.

Ki gaida Barmo da jikata Khaulat. Gado da 'yar uwarki Zuliha suna gaishe ku. Ki zo, ɗiyata. Kada ki jira ta kira sunanki, ba za ta kira ba. Ki dai zauna kusa da ita inda haske yake.

Innarki,
Balki