Gyambon Baffa Idirisu da Neman Fatar Aro

Birnin Bahiya, a ƙetaren teku, cikin watan Sha'aban, shekara ta 1296 daga Hijira.

Zuwa ga yayata abar alfaharina, Uwani, a birnin Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Yahaya da yara da duk wanda inuwar gidanku ta rufe. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa ƙasar Ikko ta ci gaba da karɓar ku. Mu nan sai godiyar Allah. Matata Talatu tana nan tana fama da wankaunta. 'Yarmu Maryamu ta yaye ɗanta, ya fara tafiya, ba ya barin komai a inda aka ajiye shi. Goron da kika aiko ya iso, rabinsa ya bushe a hanya, amma mun rarraba wa tsofaffi, har limaminmu Malam Abubakar ya yi ƙwalla da ya ɓare nasa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Baffa Idirisu, ƙanen mahaifinmu, don na san labari ya riga ni ƙetare teku, ya zo miki a karkace. Wasu sun ce an yanke masa ƙafa, wasu sun ce ya riga mu gidan gaskiya. To ki kwantar da hankalinki. Baffa yana nan da ransa, da ƙafafunsa biyu, da kuma bakinsa, wanda shi kam bai taɓa ciwo ba. Damina biyu da suka wuce santsi ya kwashe shi a gangaren titin nan da ake kira Ladera da Parasa, kusa da shagonsa na wanzanci, bakin wata ganga ya yage masa ƙwauri. Kin san halinsa. Mutumin da ya tsufa yana yi wa rabin garin nan ƙaho da cire haƙori ba zai yarda wani ya duba shi ba. Ya sa toka, ya sa garin taba, ya sa yanar gizo, har da wani mai da wani matuƙin jirgi ya rantse masa cewa na kada ne. Ciwo ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu. Masu zuwa aski suka fara riƙe numfashi, daga baya suka ɗauke ƙafa. Da muka kai shi asibiti da ƙarfin tsiya, babban likita ya duba sau ɗaya ya ce sai zarto, daga ƙasan gwiwa. Baffa ya ce da ƙafa biyu aka sauke shi daga jirgin bayi, mutanen ƙasar nan sun ci ƙuruciyarsa sun ci ƙarfinsa, ƙafa kam ba zai bar musu ba. Na yi dariya a gabansa, amma Yaya, a hanyar gida kuka na yi, don gefen naman ya fara baƙi.

Akwai wani matashin likita, Ansalmu, wanda duk da warin bai daina zuwa aski wurin Baffa ba. Shi ne ya ce akwai wata sabuwar hanya da yake nazari a kanta, in Baffa ya yarda a gwada kafin a kai ga zarto. Ya ce abin da ke ruɓar da ciwo wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, suna cikin iska da ruwa da tsumma da ƙarƙashin farce. Baffa ya gyara zama ya ce ai aljanu ke nan, ashe sai yanzu labarinsu ya iso wa Nasara. Washegari likita ya zo da wani madubi mai bututu, ya ɗiga ruwan randar gidanmu a ƙarƙashinsa, ya ce Baffa ya leƙa. Baffa ya leƙa, ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce ya ga kasuwar da ta fi ta Zazzau cika a cikin ɗigo guda, kowa yana ta kai da komo ba mai sallama. Ranar nan ya ƙi shan ruwa har la'asar. Da ƙishi ya ci ƙarfinsa sai ya runtse ido ya kafa kai a moɗa, ya ce in sun shiga su zauna lafiya, shi ba ya son fitina.

Likita ya ce duk ƙyallen da zai taɓa gyambon sai an kashe halittun da ke jikinsa tukuna. A tafasa shi, a shanya shi a tsakiyar rana, don ya karanta cewa hasken rana ma yana kashe su, sannan a tsoma shi a wani ruwan magani mai warin kwalta da suke kira feniku. Kuma farin yadi yake so, sabo fil, mai yawa. Muka duba gidan kaf, ba sabon farin yadi sai guda ɗaya: likkafanin da Baffa ya tanadar wa kansa, yana naɗe a ƙasan akwatinsa. Talatu ce ta tona. Baffa ya ce sai dai bayan ransa. Talatu ta durƙusa cikin ladabi ta ce ai Baffa dama don bayan ransa aka tanade shi, ita so take ya yi amfani tun da ransa, kuma ko ya ba ƙafar rabonta yanzu ko ya shiga cikinsa gaba ɗaya kafin azumi. Sai ya ce a kawo almakashi, amma da sharaɗin shi zai yi gadin shanya.

Da kin ga Baffa, Yaya, da kin manta baƙin cikin duniya. Kullum hantsi a ɗauko shi a ajiye a tsakar gida, ƙafa a kan turmi, hannu riƙe da doguwar gora mai gashin kaza a kai, yana korar ƙuda daga likkafaninsa. Ba mai taɓa ƙyallen da hannu, sai da tsinken da aka tafasa. Ranar da wata tantabara ta yi masa kashi a kan ƙyalle guda aka koma tafasawa daga farko, Baffa ya tsine mata har kakannin kakanninta. Sai ga rigimar Iya Filisbela, Bayarabiyar nan mai ƙosai a ƙofar gidanmu, wadda suke gaba da Baffa a kan inuwar zaure tun kina nan. Shi ya ce hayaƙin manjanta yana sauka a kan ƙyallensa. Ita ta ce warin maganinsa ya kore mata masu saye, har wani ya tambaye ta ko da kwaltar jirgi take suya yanzu. Suka yi ta yi ta kan katanga, shi da Hausa, ita da Yarabanci, in abin ya yi zafi su haɗu a harshen Nasara don kada zagi ya tafi a banza.

Amma abin ya yi aiki. Warin ya tafi, baƙin naman ya zube, gyambon ya yi ja sumul. Sai dai ya yi faɗin da ba zai rufe da kansa ba. Likita ya ce yanzu sai shuka: a tsinko fata ƙanana ƙanana kamar ƙwayar dawa daga cinyar Baffa, a jera a kan gyambon, su kama su yaɗu. Nan fa Baffa ya rufe cinyarsa da hannu biyu ya ce ba a haifi mai kai masa aska ba. Gaskiyar masu magana, wanzami ba ya son jarfa. Likita ya ce jikin mutum ya fi karɓar fatarsa, amma akwai masu ɗaukowa daga jikin wani. Fuskar Baffa ta washe, ya ce ai da tun farko haka aka faɗa, ina amfanin dangi?

Ranar Juma'a bayan mun yi salla a ɗakin Malam Abubakar, aka sanar wa jama'a cewa Baffa yana neman fata. Mutanen da suka sha cewa za su ba da ransu dominsa, sai ga wannan yana da ƙazuwa, wancan fatarsa ta tsufa, wani kuma ya tuna ya bar tukunya a wuta, alhali bai taɓa girki ba. Mu biyu muka miƙe, ni da Audu ɗan dako. Ina tsammanin za a sa mana albarka, sai Baffa ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya ga liman. Ya ce tun da ranar hisabi fatun mutane za su yi shaida a kansu, wannan fatar aro a kan wa za ta yi magana, kuma laifin wa za ta faɗa? Malam ya shafa gemu ya ce bai taɓa cin karo da wannan mas'ala ba. Baffa ya ce to shi ba zai karɓi tawa ba, don ya san inda na riƙa zuwa a bakin tashar jirgi ina saurayi, kada ƙwaurinsa ya buɗe baki a gaban halitta ya kunyata shi da abin da bai ji daɗinsa ba. Ta Audu kuwa, ya ce fatar da ta jiƙu da giyar rake ba sai an tsoma ta a feniku ba, amma ba ya so. Likita da ya ji labari ya naɗe hannun rigarsa ya ce a ɗauki tasa. Baffa ya yi godiya, ya ce ba zai tashi ƙiyama da ƙafa ɗige-ɗige kamar zabo ba, balle fatar da aka yi rainonta da naman alade.

Ana cikin haka gefen gyambon ya soma canza launi, likita ya ce lokaci yana ƙurewa. Muna tsakar gida, sai ga Iya Filisbela ta faɗo ba sallama, da matsamin ƙosai a hannu. Ta tsaya a kan Baffa ta buɗe damtsenta, wanda kin san ya kai cinyar wani, ta ce a yanka nan, tana da ta bayarwa har da ta sadaka, ita dai ta gaji da warin kwalta da kukan tsoho. Baffa ya ce fatar da ta saba rawa a gidan tsafi, in aka buga ganga yana cikin salla wa zai riƙe masa ƙafa? Malam Abubakar, wanda aka kira don ya raba gardama, ya ce fatar ɗan Adam mai tsarki ce ko ta wace ce, kuma lalura ta halatta. Iya ta ce madalla, amma kowa ya shaida: kullum safe za ta shigo ta gaida fatarta, ta tambaye ta yadda ta kwana, in ta ga ba a shafa mata mai ba za ta karɓi abarta. Baffa ya dube ta, ya dubi damtsen, ya dubi sama. Sai ya yaye zanensa ya buɗe cinya, ya ce wa likita bisimilla, a yanka tasa, a yanka yanzu.

Bai yarda da wuƙar likita ba, ya ce da askarsa za a yi. Aka tafasa ta, likita ya wanke hannu da feniku har gwiwar hannu. Ni na riƙe kafaɗu, Audu ya danne ƙafa. Baffa ya fara da gyara wa likita riƙon aska, wai haka ake riƙe cokali. Da aka tsinko ta farko sai ya bar koyarwa ya kira sunan kakarmu, wadda rabon da in ji an ambace ta tun muna gida. Da aka zo ta uku ya sume, aka ƙarasa aiki cikin kwanciyar hankali. Likita ya jera su a kan gyambon kamar mai dashen albasa, ya rufe da ƙyallen da ya sha rana. Da Baffa ya farfaɗo ya ce ba suma ya yi ba, tunani yake. Iya Filisbela tana bakin ƙofa duk tsawon aikin, na ga tana share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne.

Kwanakin jira sun yi mana tsawo, don likita ya hana a buɗe. Ranar da ya warware ɗaurin duk muka kewaye shi. Wasu ƙwayoyin sun mutu, amma mafi yawa sun kama, kowace ta yi da'ira tana miƙa hannu wajen 'yar'uwarta. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce alhamdu lillahi da wata murya da ban san shi da ita ba. Yanzu wurin ya rufe, sai tabo mai sheƙi. Makon jiya ya hau Ladera da ƙafarsa har dandalin fada ya dawo, ya tsaya ya sayi ƙosai wurin Iya, ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa.

To ga abin da nake so ki shirya masa. Baffa ya ce tun da Allah Ya bar masa ƙafa, zai taka ta zuwa inda ake kiran salla da ƙarfi ba a ɓoye ba. Bayan Salla ƙarama zai shiga jirgin da ke zuwa Ikko, kuma gidanki zai sauka. Ki share masa ɗaki mai samun rana. Amma ina gargaɗinki, ba Baffan da kika sani ba ne. Yanzu tafasa askarsa yake a gaban masu aski yana yi musu wa'azin halittun da ba a gani, yana cewa ilimin kakanninsa ne, likita wurinsa ya ƙarasa koyo. Ya tafasa tasbahar Malam Abubakar har zarenta ya tsinke. Ya sayi tulun feniku zai taho da shi, ya kuma ce ya ga yadda ake shukar fata. Na tuna masa cewa a sume yake lokacin, ya ce wanzami ko a sume yana gani. Saboda haka duk mai gyambo a unguwarku ki ce ya sa dogon wando, mai cinya mai kyau kuma ya yi nisa.

Ki gaida Malam Yahaya da kyau, da Abdullahi da Jummai da auta Kande, ki ce kawunsu yana sa musu albarka. Ki gaida Inna Lantana in tana tuna mu. Talatu da Maryamu suna gaishe ki, Malam Abubakar yana roƙon addu'a, Baffa kuma ya ce in faɗa miki ki rufe randarki. Allah Ya sada fuskokinmu da alheri, in ba a nan ba, a inda ba teku tsakani.

Naki ƙane mai begenki kullum,
Sulaimanu.