Bakwai da Minti Goma Sha Biyu

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya baƙunci? Mu nan sai godiya. Mamanki tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ta yarda kina cin abinci ba.

Takardar da kika aiko ta iso, wadda kika kwafo daga wayarki, mai nuna lokutan da tauraron ɗan'adam zai ratsa ta saman gidanmu. Oh duniya, yau ke ce malamata! Kin tuna kina kan wuyana bayan magariba ina koya miki? In yana ƙyafta ja da kore, jirgi ne. In ya tsaya wuri ɗaya, tauraron Allah ne. In kuwa yana tafiya sumul, ba ƙara ba ƙyaftawa, har ya dushe a tsakiyar sama, to shi ne. Ke kuwa kowane jirgi sai kin rantse naki ne.

Ranar Talata na ɗauki kujerata na zauna a tsakar gida. Bakwai da minti goma sha biyu daidai ya ɓullo ta bayan tankin ruwa, fes da shi. Shekara arba'in ina gyaran agogo, ban ga mai cika alkawari kamarsa ba.

Na rufe shago, gajiya ce kawai. Rubutun nan da ya yi manya kuma laifin biro ne.

Ina kewarki ƙwarai.
Babanki.

Autata,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Wannan hannun mamanki ne, ni nake faɗa tana rubutawa, tana kuma hararata. Ba na gani, amma ina jin harara a jikina.

Wasiƙarki ta zo. Kin ce kuskure kika yi, bisa agogon garinku wayarki ta ba ki lokutan, alhali kun riga mu da awa ɗaya. Ashe tun shida da 'yan mintuna ya wuce. Kika tambaya to me na gani ranar Talata. 'Yar mai gyaran agogo ta manta da awa guda, ita ce kuma ta kama ubanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban ga komai ba, Auta. Tun bara ido ya soma. Da farko ƙananan kusoshin agogo ne suka ɓace mini, sai allurar sakan, sai taurari ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce ba ciwon da za a yi wa aiki ba ne, sai dai a rage masa gudu. Na hana mamanki faɗa miki don kada ki yar da aikin da kika sha wahala kafin ki samu.

Amma zaman kujerar nan ba ƙarya ba ne. Duk ranar da kika rubuta ina fita, in ɗaga kai, don na san a can kina tuna ni.

Ba na ce ki bar aiki ba. Ki nemi hutu, ko na mako biyu. Sama ta riga ta fi ƙarfina. Fuskar mutum kuwa, in ya matso kamar taku ɗaya, har yanzu ina gane ta. Likita bai ce har yaushe ba.

Ki zo da wuri.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.