Mai Karanta wa Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Ɗayyabu, tare da gaisuwa ta girmamawa. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan Roni sai godiya, damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Jikin Inna dai yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin daman da ya shanye bai motsa ba, maganar ma ba ta dawo ba, amma tana shan kunu, tana kuma gane kowa. Ni ce dai a ɗakin kullum, juyi da wanka da ba da magani. Rabona da ƙofar gida har na manta, ko sunan da aka yi a gidan Kawu sai saƙo na aika. Maigidana Mamuda yakan leƙo daga Kazaure ranar Juma'a ya duba mu, ya koma wajen aikinsa.

Na samu saƙonka cewa in ba ka 'yata Mu'minat ta yi karatu a wajenku. Ban amsa da wuri ba ne saboda akwai abin da ba ka sani ba. Bara yarinyar nan ta tsani littafi. An tashe ta karatu a aji, ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya, yara suka fashe da dariya, daga ranar ko allon talla ta gani sai ta kau da kai. Na so in zauna da ita, amma da mun buɗe littafi sai Inna ta yi nishi in miƙe. Wata rana da la'asar zan yi wanki, na rasa wanda zai zauna da Inna, sai na miƙa wa yarinyar ɗan littafin labarai da Malama Bahijja maƙwabciyarmu ta ara mana. Na ce ta karanta wa kakarta, babu mai yi mata gyara balle dariya. Ina bakin rijiya ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, tana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Da ta yi shiru sai Inna ta bubbuga tabarma da hannunta mai lafiya, wato ta ci gaba. Yaya, yanzu yarinyar nan har murya take canzawa, ta yi ta kura daban, ta akuya daban, Inna tana murmushi da gefen baki. Ko takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki ba ta bari sai ta karanta.

To ka ga inda na tsaya. Makarantarsu malami ɗaya ne ke riƙe da aji uku, littattafan Malama Bahijja kuma sun ƙare mana, wasu har ta haddace su. Idan na riƙe ta, na danne mata hanya. Idan na sake ta, ban san me zai rage a ɗakin nan ba. Na tambaye ta ko tana son zuwa, ta ce tana so, in dai za a sa Inna a mota a tafi tare.

Na yi ta addu'a, na kuma yi shawara da mahaifinta, mun amince ka zo ka ɗauke ta bayan an yi girbi. Roƙona biyu ne. Ka gaya wa matarka Anti Khadijat idan yarinyar tana karatu a bar ta ta kai ƙarshe kafin a yi mata gyara. Sannan kai za ka durƙusa gaban Inna ka faɗa mata da bakinka, ni ba zan iya ba. Jiya da Mu'minat ta tafi islamiyya na ɗauki littafin na gwada karanta wa Inna da kaina, don mu fara sabawa. Ban kai ƙarshen shafi ba ta juya fuskarta bango.

Ka gaishe da Anti Khadijat, da Musaddiƙ da Jalaluddeen. Kawu da mutanen gidansa suna gaishe ka. Ka sa mu a addu'a, Allah ya ba Inna sauƙi, ya ba ni haƙuri.

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiyya