Wayar Baba Ta Daina Karɓar Saƙo

Laraba da dare, tsakiyar damina

Safe: kai taki gonar gero.

Baba, surukina, ya zo daga Kirikasamma da wayar da na ba shi bara. Manhajar saƙo ta ƙi buɗewa, alhali ta nan manoma ke sanar da juna idan kogi ya taso. Na raka shi wurin mai gyara.

Mai gyaran ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau, kamfanin ne ya daina sabunta irinta. Da ta ɗaya kamfanin ce, da har yanzu tana aiki. Wa ya haɗa ka da wannan tsohuwar?"

Baba ya ce, "Kyauta ce daga gidan albarka," ya mayar da ita aljihu. Bai dube ni ba. Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun bara na ji raɗe-raɗin daina sabuntawar, shi ya sa na canza ta. Ni mai gonar tudu na riƙe sabuwa, shi da shinkafarsa ke bakin ruwa na ba shi wannan.

Gobe:
- Kwashe lambobina daga sabuwar.
- Tambayar inda ruwa ya kai.
- Matata Hadiza ta kai wa babanta sabuwar wayar, ni ba zan iya ba.