Takardar Inna Uwa

Jibiya, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zaituna da yara a Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi albarka, geron Gangara har ya fid da kai.

Maganar 'yarka Muhsina ce ta sa na ɗauki biro. Ka san na fi kowa yi mata tsiya a kan digirin nan na biyu da take yi na dokar haƙƙin ɗan Adam. Nakan ce mata haƙƙin da na sani na maƙwabci ne, kuma ba a zuwa jami'a dominsa. To, yau bakina ya mutu.

Inna Uwa, ƙanwar babanmu da ta dawo daga Ɗan Isa ta Nijar bayan shekara hamsin a gidan aure, ashe ba ta da takardar ƙasa ko ɗaya. A can 'yar Nijeriya ce, a nan 'yar Nijar. Sai ɗiyarta Safiyatu ta kwanta ciwo mai tsanani a Maraɗi, ma'aikacin bakin iyaka kuwa ya gaya mata cikin ladabi cewa sai da shaida. Tsohuwar nan har ta shirya bin daji a bayan babur, ka kuwa san halin da dajinmu yake ciki.

Muhsina, da ta zo bincikenta, ta ce doka ba ta yarda mutum ya zauna babu ƙasa ba, a nemo wanda zai shaida haihuwar Inna. Ina za mu samu, tsaranta duk sun riga mu gidan gaskiya? Yarinyar nan ta ƙura wa fuskar Inna ido, ta tambayi wanda ya yi mata askar kumatu. Muka tafi Farfaru wurin Zunnuraini, ɗan wanzamin gidanmu, wanda idonsa ya yi rauni. Ya shafa kumatun da yatsa, ya ce wannan hannun babansa ne, don shi kaɗai ke gajarta zanen ƙarshe na hagu. Ya yi rantsuwa a kotu tare da mai unguwa, Muhsina na jero ayoyin doka ba gargada, ni kuwa na saki baki. Lallai abin da babba ya hango a zaune, wani lokaci sai yaro ya je ya ɗauko masa.

Ranar Lahadi Inna ta ƙetara ta babbar ƙofa da rana tsaka, riƙe da takardarta. An ce Safiyatu na jin muryarta ta tashi zaune, ta nemi koko.

'Ya'yana Imrana da Mutmainna suna gaishe ka. Ka gaida Zaituna, ka ce mata ta haifa mana.

Yayarka,
Salmatu